Ina Ƙwallon Golf Ya Kamata Ta Zauna Tsakanin Ƙafafu?

Da sanyin safiya, a wurin gwaji na wani filin golf, na tsaya ina kallon wani dattijo da bai fi wata uku da fara wasan ba. Sandunansa sababbi fil, kuma da ganinsa ka san da gaske yake. Ya ɗauko ƙarfe lamba 7, ya ɗaga, ya sauke da iyakar ƙarfinsa. Kan sandar ya caki ƙasa tun kafin ya kai ga ƙwallo, ƙura ta turnuƙe, ƙwallon ta gangara ko yadi talatin ba ta yi ba. Ya sake gwadawa, wannan karon ya dake ta a ka, ta tafi tana birgima a ƙasa. Ya gyara riƙo, ya duba sandar, ya ce anya ba ta yi masa tsawo ba kuwa. Yaron da ke ɗaukar masa jaka, wanda tun ɗazu bai ce uffan ba, ya matso ya durƙusa, ya jawo ƙwallon baya da kamar yatsu huɗu, wajen tsakiyar ƙafafun dattijon. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta yi gaba da yawa. A gwada a nan." Dattijo bai canza komai a bugunsa ba. Sai ga ƙwallo ta tashi sama ɗoɗar, ɗan ɓallen ƙasa ya fito daga gabanta ya faɗi can gefe.

Yatsu huɗun nan su ne abin da nake son mu tattauna. A golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, mutane kan kashe kuɗi wajen sayen sanduna, su kashe lokaci wajen gyaran yadda suke ɗaga hannu da murɗa ƙugu, alhali sau da yawa ɓarnar ta riga ta auku tun kafin sanda ta motsa, a wurin da aka tsaya da inda aka bar ƙwallo. Shi kaɗai ne ɓangaren wasan da mai wata uku zai iya yinsa daidai da wanda ya ci kofin duniya, domin ba ya bukatar ƙarfi ko baiwa. Ƙwallon tana zaune, babu mai tare ka, babu mai ƙwace ta.

Doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14, kuma babu biyu da suke ɗaya. Mafi tsawo, wadda ake kira direba, takan kai inci 45 ko ɗan fiye, fuskarta kusan a miƙe take, kwanciyarta ba ta wuce digiri 9 zuwa 12 ba. Ƙarfe lamba 7 wajen inci 37 ne, fuskarsa ta kwanta da digiri talatin da 'yan kai. Sandar yashi, ɗaya daga cikin gajerun da ake kira weji, wajen inci 35 ce, fuskarta ta kishingiɗa har digiri 56. Tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta akwai ratar inci goma ke nan. Wanda ya tsaya wa dukansu tsayuwa ɗaya, kamar manomi ne da ke riƙe fartanya da lauje da gatari riƙo ɗaya.

Amma kafin a fara ƙirga inda kowace sanda ke son ƙwallo, gara a gane dalili, don wanda ya riƙe dalili ba ya bukatar hadda. Kan sanda lilo yake yi. Yana saukowa daga sama, ya kai wani wuri da ya fi ko'ina kusa da ƙasa, sannan ya sake hawa. Wannan wuri, mu kira shi gindin lilo, shi ne mabuɗin zancen gaba ɗaya. Ga mai bugu da dama (bahago sai ya juya duk abin da zan faɗa), in ya mayar da nauyinsa kan ƙafar hagu yadda ya kamata lokacin bugu, gindin lilon yakan faɗo kusan ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, wato ɗan gaba da tsakiyar jiki, ta wajen inda ake nufi. To, ƙwallo ɗayan uku ce. Ko sanda ta same ta tana kan saukowa, ko ta same ta daidai gindi, ko ta same ta bayan ta fara hawa. Sara, shara, da ɗauka sama.

Sandunan ƙarfe sara suke so. A nan ne sababbin 'yan wasa suka fi ruɗewa, domin hankali yana ba mutum cewa in ana son abu ya tashi sama sai an zura masa ta ƙarƙashi an ɗaga shi, kamar kwasar tuwo da mara. Fuskar sandar an riga an kwantar da ita don ta yi wannan aikin da kanta. Abin da ake bukata daga ɗan wasa shi ne kan sanda ya fara taɓa ƙwallo yana kan gangarowa, sannan ya shiga ƙasa. Shi ya sa ɓallen ciyawar gwani a gaban inda ƙwallo ta zauna yake fitowa, ba a bayanta ba. Kamfanin Trackman na ƙasar Denmark, wanda aka kafa a 2003, yana ƙera na'urar rada da ke auna tafiyar kan sanda da ta ƙwallo, kuma alƙalumansa sun nuna ƙwararrun maza na gasar PGA ta Amurka suna samun ƙwallo da ƙarfe lamba 7 sandar na gangarowa da kimanin digiri 4. Ba wani mugun sara ba ne, ɗan kaɗan ne, amma ƙasa ya nufa.

Saboda haka gajerun ƙarafa, lamba 8 da 9 da wejoji, tsakiyar ƙafafu suke so, daidai maɓallin riga. Matsakaita, lamba 5 zuwa 7, a tura ƙwallo gaba da faɗin ƙwallo ɗaya daga tsakiya. Faɗin ƙwallon golf bai kai santimita 4 da rabi ba, don haka maganar motsi kaɗan ake yi. Dogayen ƙarafa da sandunan nan ruwa-biyu da suka maye gurbinsu a yawancin jakunkuna, faɗin ƙwallo biyu. Sandunan da har yau ake kira katako, lamba 3 da lamba 5, duk da yanzu da ƙarfe ake ƙera su, su ne 'yan shara: ƙwallo ta ƙara matsawa gaba har ta kusa gindin lilo, kan sanda ya shafi ciyawa ya wuce kamar tsintsiya a daɓe. Mutane da yawa suna kai ƙwallon katako lamba 3 har wurin direba, sannan su yi ta mamakin yadda suke dukan ta a ka. A ƙasa take zaune, babu abin da ya ɗaga ta, kuma sandar ta riga ta fara hawa kafin ta iso.

Faɗin tsayuwa da nisan jiki daga ƙwallo suna bin wannan sahu. Ga matsakaitan ƙarafa, ƙafafu su yi daidai da faɗin kafaɗu, nauyi rabi da rabi. Ga weji a ɗan matse, a ɗan ƙara wa ƙafar hagu nauyi. Nisa kuwa sanda ce ke yanke shi: ka ajiye kanta a bayan ƙwallo yadda tafinta zai zauna lafiya a ƙasa, ka sunkuya daga ƙugu bayanka a miƙe, ka sassauta gwiwoyi, ka bar hannuwa su rataya da kansu. Tsakanin ƙarshen mariƙi da cinyarka a samu kamar faɗin tafin hannu. Mai miƙa hannu yana neman ƙwallo nauyinsa zai koma kan yatsun ƙafa, mai cusa kansa kusa da ita kuma hannuwansa ba za su sami hanyar wucewa ba.

Direba daban take da sauran, don ita ce ake ɗora wa ƙwallo a kan ɗan turke sosai sama da ƙasa. A da can 'yan wasa ɗan tulin jiƙaƙƙen yashi suke yi da hannu su ɗora ƙwallo. Wani likitan haƙori baƙar fata a Boston, George Grant, ya yi rajistar turken katako a 1899, ko da yake sai a shekarun 1920 amfani da turke ya bazu. Da yake ƙwallon a sama take, ana iya samun ta bayan sanda ta wuce gindin lilo ta fara hawa. Wurinta shi ne daidai cikin diddigen hagu, turken kuma a kafa shi yadda rabin ƙwallo zai leƙo saman kan sandar. Ƙafafu a buɗe su fiye da faɗin kafaɗu, kafaɗar dama ta ɗan yi ƙasa da ta hagu, kai ya zauna a bayan ƙwallo. Alƙaluman Trackman a nan suna da darasi. Ƙwararrun maza, a matsakaici, suna samun ƙwallo da direba tana ɗan gangarowa da wajen digiri ɗaya, ƙwararrun mata na gasar LPGA kuwa tana hawa da wajen digiri 3. Mazan suna da saurin da zai iya ɗaukar wannan asara. Gama-garin ɗan wasa saurin sandarsa ya fi kusa da na matan, don haka hanyarsu ce ta fi dacewa da shi in yana son nisa.

Akwai tarko ɗaya a tsayuwar direba da na ga ya kama mutane ba adadi. Da ƙwallo ta koma gaba, mutum yakan juya ƙirjinsa ya fuskance ta ba tare da ya sani ba. Ƙafafunsa suna kallon inda ya nufa, kafaɗunsa kuwa sun karkata hagu. Sanda hanyar kafaɗu take bi, sai ta yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki, ƙwallon ta tashi ta lanƙwasa dama ta faɗa daji. Shi kuma don ya gyara sai ya ƙara juyawa hagu, ciwon ya ƙaru. Maganin shi ne kafaɗar dama ta sauka ƙasa, kada ta fito gaba.

Duk wannan bayanin na makaranta ɗaya ne, masu cewa ƙwallo ta riƙa tafiya daga tsakiya zuwa diddige gwargwadon tsawon sanda. Akwai wata makarantar, kuma shugabanninta ba ƙananan mutane ba ne. Ben Hogan, wanda ya ci manyan gasanni 9, ya fitar da littafinsa Five Lessons a 1957, kuma a cikinsa akwai zanen da ke nuna ƙwallo a wuri ɗaya kullum, kusa da diddigen hagu daga ciki. Ƙafar dama ce ke motsi: tana buɗewa ga doguwar sanda, tana matsowa ga gajera. Jack Nicklaus, mai manyan gasanni 18, shi ma a Golf My Way na 1974 ya tsaya a kan wuri ɗaya daura da diddigen hagu ga bugu na yau da kullum. Hujjarsu mai ƙarfi ce. In gindin lilo wuri ɗaya yake faɗowa, me zai sa a yi ta yawo da ƙwallo?

An daɗe ana jayayya a kan wannan, amma a ganina rabin saɓanin na wurin awo ne. A ɗauka ƙwallo tana santimita 12 daga diddigen hagu. In tsakanin dugadugai santimita 25 ne, kamar a gajeren bugun weji, ƙwallon tana tsakiya. A ja ƙafar dama ratar ta kai santimita 50, ƙwallon ba ta motsa ba, amma yanzu ta koma kashi ɗaya cikin huɗu na gaba. Mai awo daga diddige zai rantse ba ta gusa ba, mai awo daga tsakiya zai rantse ta yi gaba, kuma dukansu sun faɗi gaskiya. Abin da ya canza a zahiri shi ne inda ƙirji yake dangane da ƙwallo, domin buɗe ƙafar dama yana jan tsakiyar jiki baya. Shi ya sa na fi yarda da awo daga saman jiki. Ƙafafu suna yaudara, musamman in an karkata yatsun hagu waje. Maɓallin riga ga weji, aljihun ƙirji na hagu ga matsakaitan ƙarafa, hammata ga direba.

Sauran rabin saɓanin kuwa na gaske ne, kuma a nan nake jan kunnen mai koyo. Hogan da Nicklaus mutane ne da ke tura ƙugu da nauyi gaba da ƙarfi a lokacin bugu, gindin lilonsu yana faɗowa can gaba. Dattijon da na gani da safe nauyinsa a ƙafar dama yake maƙalewa, gindin lilonsa a tsakiya yake ko ma baya. In ya kwaikwayi zanen Hogan da ƙarfe lamba 9, ƙasa zai riƙa sara. Yaron jakar bai karanta littafin kowa ba, ya dai kalli inda sandar ke taɓa ƙasa ya kai ƙwallo bayan wurin kaɗan. Wannan gyaran yau ne. Gyaran gobe shi ne dattijo ya koyi tura nauyi, a hankali ƙwallon ta koma inda ya dace. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya yi ta jan ƙwallo baya har ta kai ƙafar dama don gudun sarar ƙasa, domin hakan yana miƙar da fuskar sanda, ƙarfe lamba 8 ya koma tashi kamar lamba 5, kuma jiki ya saba da jingina baya.

Wurin ƙwallo yana taɓa saiti ma, ba tsayin tashi kaɗai ba. Lilon sanda a karkace yake, kamar faifan da aka jingina da bango. Don haka yayin da kan sanda ke saukowa yana kuma tafiya wajen dama, in ya wuce gindi ya fara hawa sai ya koma wajen hagu. Masanin kimiyyar lissafin motsi Theodore Jorgensen na jami'ar Nebraska ya yi bayanin alaƙar hanyar sanda da fuskarta a littafinsa The Physics of Golf na 1994, kuma na'urorin rada sun zo sun tabbatar. Ƙwallon da ta yi baya takan fita dama ko ta lanƙwaso hagu da ƙarfi, wadda ta yi gaba takan fita hagu ko ta yanke dama. Abin sha'awa, zanen Hogan ya riga ya yi maganin wannan tun kafin a sami na'urar awo: ga direba yana jan ƙafar dama baya kaɗan, ga gajerun ƙarafa yana buɗe tsayuwa wajen hagu, kowanne yana rama karkatar da wurin ƙwallo ke jawowa.

Wani kuma ya kashe maganar daga tushe. Bryson DeChambeau ya sa an yanka masa ƙarafansa duka tsawo ɗaya, wajen inci 37 da rabi, don ya riƙa tsayuwa ɗaya da sunkuyo ɗaya. Ya ci gasar US Open a 2020 da 2024, don haka ba za a ce dabarar ba ta aiki ba, ko da yake direbansa da katakonsa suna nan da tsawonsu da tsayuwarsu daban.

Fili kuma ba tabarma ba ne. In iska tana kaɗowa daga gaba, kamar yadda take yi a filayen bakin teku na Sikotilan irin su St Andrews, akan ja ƙwallo baya da faɗin ƙwallo ɗaya, a ɗauki sanda mai lamba ƙasa da wadda aka saba, a buga ba da ƙarfi ba, don ta tafi ƙasa-ƙasa. A gasar Open ta 2006 a Hoylake da ke Ingila, fili ya bushe ƙayau, Tiger Woods sau ɗaya tak ya taɓa direba a ramuka 72, ya yi ta buga dogayen ƙarafa suna gudu a ƙasa har ya ɗauki kofin. Masu wasa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos sun san irin wannan ƙasa a lokacin hunturu, sa'ad da ciyawa ke ƙonewa wuri ya yi tauri kamar daɓe. A kan irin ta babu afuwa ko kaɗan: ciyawa mai laushi takan bar sanda ta zame ta kai ga ƙwallo ko an ɗan sari baya, busasshiyar ƙasa kuwa tana tunkuɗo sandar sama ta daki ƙwallo a ciki. Sai a ɗan ja ta baya, a ƙara nauyi a hagu, a guji weji mai tudun tafi.

Tudun tafin nan a ramin yashi yake da amfani. Gene Sarazen ne ake danganta wa sandar yashi ta zamani, da ita ya ci gasar Open ta 1932. A yashi ba ƙwallo ake duka ba, yashin da ke bayanta da kamar yatsu biyu ake duka, shi ya ɗauke ta ya fitar. Saboda haka ƙwallo gaba da tsakiya, ƙafafu a buɗe a nutsa su cikin yashi, nauyi a hagu, fuskar sanda a kwance. Tunda ƙafafu sun nutse, a ɗan rage riƙo. Doka ta hana kan sanda ya taɓa yashin da ke gaba ko bayan ƙwallo kafin bugu, don haka a sama ake riƙe shi.

A gangare, kafaɗu su bi kwanciyar ƙasa. Mai hawa tudu ya ɗan tura ƙwallo gaba, mai gangarawa ya ɗan ja ta baya, kuma gwajin lilo sau ɗaya ko biyu a gefe zai nuna inda sanda ke shafar ƙasa. A dandalin rami, ko na ciyawa ne ko na yashin da aka daddale, ƙwallo ɗan gaba da tsakiya, idanu a samanta ko ɗan ciki kaɗan. Faɗin ƙafa a nan ganin dama ne, sai dai ba a yarda a raba ƙafa a kan layin bugu ana fuskantar rami ba, an hana wannan tun 1968 bayan Sam Snead ya yi amfani da shi.

Hukumomin wasan ma sun ɗauki tsayuwa da muhimmanci. A 1987 a Torrey Pines, Craig Stadler ya shimfiɗa tawul ya durƙusa a kai don ya bugo ƙwallo daga ƙarƙashin bishiya ba tare da ya ɓata wando ba. Aka ɗauki hakan a matsayin gina wurin tsayuwa, kuma da yake ya riga ya sa hannu a katin makinsa ba tare da hukuncin ba, aka fitar da shi daga gasar. Tun 2019 kuma an hana mai ɗaukar jaka tsayawa a bayan ɗan wasa yana saita shi da zarar ya fara ɗaukar tsayuwa. A cikin gasa ba a ajiye sanda a ƙasa don saita ƙafa. Duk wannan aikin wurin gwaji ne.

A wurin gwajin, ga abin da nake roƙon mai karatu ya yi. Ajiye sanda ɗaya a ƙasa tana kallon inda ka nufa, ka gicciya wata daga ƙwallo zuwa tsakanin ƙafafunka, don ido ya ga gaskiyar inda ƙwallon take, ba inda kake zato ba. Fara kowace tsayuwa ƙafafu a haɗe, ƙwallo daura da tsakiyarsu. Ga weji, taka hagu da dama daidai wa daida. Ga ƙarfe lamba 7, hagu ƙaramin taku, dama ɗan fi shi. Ga direba, hagu kusan ba ta motsa ba, dama ta yi babban taku. Sannan ja layi a ƙasa da turke, ka jera ƙwallaye goma a kansa, ka buge su da ƙarfe lamba 7, ka sunkuya ka duba tabon da sandar ta bari. In tabon ya fara daga layi ya yi gaba, wurin ƙwallonka ya yi daidai da lilonka. In a bayan layi ya fara, kada ka sayi sabuwar sanda tukuna.